Fitilar burkin Hayis ta ƙi mutuwa: abin dubawa kafin a sayi sabon suwic

Tambayar ta zo ne daga wani direban haya da ke lodi a tashar Unguwa Uku, yana jigilar Kano zuwa Zariya da Kaduna da Hayis ƙirar homa mai giyar hannu. Ya ce kwana huɗu ke nan fitilar burkinsa ba ta mutuwa ko ya zare makulli, kullum da asuba sai an tura shi kafin mota ta tashi, kuma bakanikensa ya ce suwic ɗin burki ne ya mutu, a sayo sabo. Yana so ya san ko zai iya canjawa da kansa, da kuma irin wanda zai saya.

Wa'alaikumus salam, Malam direba, Allah ya tsare hanya. Za ka iya canja shi da kanka, aiki ne da ba ya cin rabin awa ko a hannun wanda bai saba ba. Amma kada ka kama hanyar Ƙofar Ruwa tukuna. Na daɗe ina aikin wayarin mota a garin nan, kuma yadda ka kwatanta ciwon, zargina na farko ba a kan suwic yake ba. A kan wata 'yar roba yake, wadda ba ta fi maɓallin riga girma ba.

Ga dalili. Yawancin direbobi sun ɗauka taka burki ne yake danna suwic ɗin har fitila ta kama. Akasin haka ne. Suwic ɗin yana ɗaure a wani ƙarfe can sama da fedar burki, ƙarƙashin sitiyari, yana da ɗan tsinke mai sifirin a bakinsa. Lokacin da ƙafarka ba ta kan burki, sandar feda tana komawa sama ta tokare tsinken nan ciki, wuta ta yanke. Da ka taka, feda ta janye, tsinken ya fito, wuta ta wuce zuwa baya. Kamar fitilar cikin firji ce: ƙofa ce ke danne ta, ana buɗewa ta kama. To a jikin sandar fedar, daidai inda tsinken yake taɓawa, Toyota sun huda rami sun toshe shi da 'yar robar nan. Honda da Nissan ma haka suke yi a motocinsu da yawa. Shekaru suna tafiya, ga zafin Maris da Afrilu mota tana rana a tasha gilasai a rufe, robar ta bushe ta yi tauri, wata rana ta farfashe kamar busasshiyar kuli-kuli. Daga nan tsinken ba shi da abin da zai tokare shi, sai ya zura kai cikin ramin ya zauna. A wurinsa kana kan burki ke nan dare da rana, kuma lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka ka fara da ɗaga tabarmar ƙafar direba ka haska da tocilar waya. In ka ga ɓarɓashin roba, baƙa ko fara ko mai launin ruwan zuma, ka kama ɓarawonka. Ko ba ka gani ba, domin yara masu wankin mota sukan share, kwanta ka leƙa sama, ka danna feda da hannu ɗaya, ka sa yatsa ka tura tsinken ciki. Ka sa yaron motarka ya tsaya a baya. Idan fitila ta mutu da ka danna, ta dawo da ka saki, suwic ɗinka ba shi da laifi. Roba za ka saya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ka ɗan jiƙa ta da ruwan sabulu, ka danna feda ƙasa, ka matsa ta cikin ramin da babban yatsa ko filaya har ka ji ta zauna. In dare ya yi maka a hanya, ƙaramin kusa da noti mai faffaɗan kai ko irin kilif ɗin robar da ke riƙe marfin ƙofa zai kai ka gida. A da har kwabo muke liƙawa da gam, yanzu kwabon ma sai a gidan tarihi na Gidan Makama. Amma duk wannan dabarar kwana biyu ce, kan kusa yana cin bakin tsinken a hankali.

Batun turin asuba kuwa lissafi ne mai sauƙi. Ƙwan fitilar baya na irin motarka mai zare biyu ne, a jikinsa za ka ga an rubuta 21/5W: zaren 5 na fitilar fakin, zaren 21 na burki. Wat 21 a kan bolt 12 yana jan amfiya 1.75, guda biyu 3.5 ke nan, ban da ta saman ƙofar baya. Daga isha'i zuwa asuba, mu ce awa 10, sun sha amfiya-awa 35. Batirin da aka rubuta wa 75 kusan rabinsa ya tafi, in ma sabo ne. Wanda ya shekara biyu yana aikin haya ba ya riƙe abin da aka rubuta masa, shi ya sa sai turi. Kuma batirin mota ba ya yafe irin wannan saukewa, kowane dare yana rage masa kwana. Ka duba gilashin fitilar ma, domin ƙwan wat 21 ba a yi shi don ya kwana yana ci ba, yakan narkar da mazauninsa.

Yanzu mu ɗauka robar tana nan daram, ko ka danna tsinken da yatsa amma fitila ta ƙi mutuwa. Zare soket ɗin da ke bayan suwic. Idan ta mutu nan take, bakanikenka ya yi gaskiya: bakunan ƙarfen da ke ciki sun narke sun manne, ko sifirin ya karye. Idan kuma ka zare soket fitila tana nan tana ci, ko ka sayi suwic goma ba abin da zai canja, wuta tana shiga layin ne ta wata ɓarauniyar hanya. Galibi inda wani ya yanki waya ya jona fitilun ado ne, ko wayoyi biyu sun goge sun haɗu a ƙarƙashin tabarma. Wannan aikin mai wayarin ne, kawo ta gareji.

Tun da wasu masu karatu ciwon nasu kishiyar naka ne, wato fitila ba ta kamawa sam, bari in ratsa ta nan da sauri. A fara da ƙwai. Abin mamaki ne amma sau da yawa duka biyun sun ƙone, ɗaya tun bara ba wanda ya lura, na biyun jiya. Sai fis, a Toyota an rubuta STOP a kan marfin akwatin, kuma a mayar da mai lamba irin ta wanda aka cire. In fitilar saman ƙofa tana kamawa na ƙasa ba sa yi, a bar suwic ya huta, yana aikinsa. In duka ukun shiru kuma fis lafiya, a sa fitilar gwaji a soket: waya ɗaya dole ta kasance da wuta ko mota a kashe take. A mai ƙafa biyu, a haɗa bakunan soket ɗin da guntuwar waya, in fitilun baya suka kama, suwic ne ya mutu. Wanda kuma yake taka burki sai fitilar dashbod ta kama, ko sigina ya riƙa lumshewa tare da burki, wannan wayar at ce, wato wadda take ɗaure da ƙarfen jikin mota, ta saki a fitilar baya, ko an cusa ƙwai mai zare ɗaya a mazaunin mai zare biyu. Jar alamar burki ta kan dashbod ma ba ruwanta da wannan suwic, ita ta burkin hannu ce da raguwar man burki.

To, in ta tabbata sai an canja, ga yadda za ka saya. Cire tsohon ka tafi da shi a aljihu, kada ka je da baki kawai ka ce na homa, domin homar nan tun 2004 ake ƙera ta kuma ba duka iri ɗaya ba ne. Abu biyu za ka duba. Na farko yawan ƙafafu a bakin soket. Mai ƙafa biyu fitila kaɗai ya sani. Mai ƙafa huɗu suwic biyu ne a gida ɗaya: biyu na fitila, biyun kuma suna gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa an taka burki, kuma suna aiki ne a juye, in waɗannan sun haɗu waɗancan sun rabu. Na biyu yadda yake ɗauruwa. Tsofaffin Hayis na kafin homa suna da mai zare da noti, ana juya shi kamar kusa. Na baya-bayan nan da yawa turawa ake yi a murɗa kaɗan ya kulle. Ba sa shiga gurbin juna, kuma duk wanda ya ce maka a ɗan fere shi zai shiga, ka yi masa sallama.

Tsakanin sabo da ɗan Kwatano, ra'ayina a fili yake. Na asali da aka ciro daga motar da aka yanka ya fi mini sabon da ba shi da suna a kwali mai ƙyalli, domin bakunan ƙarfen na arahar siriri ne, wata uku sun ƙone. In ka samu sabo na Toyota na gaskiya, shi ne gaba da kowa. Ko wanne ne, kada ka biya sai an sa masa mita a gabanka: tsinke a waje mita ta yi ƙara, ka danna ta yi shiru. Danna shi sau goma, ka ji yana dawowa da ƙarfinsa ba ya sarƙewa. In na hannu ne, duba kunnuwan robar da ke kulle shi, kada su kasance sun tsage. Ka haɗa da sabuwar roba ko da tsohuwar tana nan, sa'ar suwic ɗin ce, tare suka tsufa.

Wajen aiki, ajiye mota a fili, ja burkin hannu, ka cire kan batir na nagatif da sifana mai lamba 10. Kada ka raina wannan, domin layin fitilar burki a Toyota da wuta yake kwana, sifana ta taɓa ƙarfe fis ya tafi. Hayis ba ta da wurin sakewa a ƙafar direba, sandar sitiyari ta tsaya tsakiyar hanya, don haka ka cire marfin robar da ke ƙasa in yana tare ka, ka durƙusa daga waje ka shigar da kafaɗa. Motarka mai giyar hannu ce, ka lura, wasu suna da wani suwic mai kama da shi a kan fedar kuloci. Bi sandar feda ta tsakiya da hannu har sama, wanda ka tarar shi ne naka. Danna harshen soket ka zare, kada ka ja ta waya. Mai zare, sassauta noti ka warware shi, amma kafin nan ƙirga zare nawa ya fito ta gaba ko ka ɗauki hotonsa. Mai murɗawa, juya shi hagu kwata guda ka zaro.

Cirewa da mayarwa ko yaron da ya yi wata biyu a gareji zai yi. Inda gizo yake saƙa shi ne saiti, kuma nan ne nake so ka ba ni hankalinka.

Idan suwic ɗin ya yi nisa da feda, tsinke ba ya dannuwa sosai, fitila za ta ci gaba da ci, ko ta riƙa ƙyaftawa duk lokacin da ka faɗa rami. Wannan ɓacin rai ne kawai. Mai haɗarin shi ne ɗaya gefen. Idan ka tura shi ciki da yawa, jikin suwic ɗin da kansa zai tokare feda ya hana ta komawa ƙarshenta. Ido ba zai gani ba, milimita biyu ko uku ne. Amma a cikin mastar burki, wato famfon da feda take turawa ya aika mai zuwa ƙafafu, akwai wata 'yar ƙofa da man burki yake bi ya koma kwalbarsa bayan ka ɗaga ƙafa, kuma ba ta buɗewa sai feda ta dawo gaba ɗaya. In ta zauna a toshe, mai ya maƙale a layi. Tafiya ta yi tafiya, mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da wurin zuwa sai ya matse burki. Burki ya ƙara zafi, mai ya ƙara kumbura. Wani direban bas ya taɓa zuwa mini daga wajen Na'ibawa, ƙafafun gaba suna hayaƙi, ya ce da safe mota tana tafiya lafiya, in ya yi kilomita ashirin sai ta yi nauyi kamar an ɗaure mata dutse, in ta huce ta saki. An canja masa fad, an wanke kalifa, har ana maganar sabuwar masta. Da na tambaye shi aikin ƙarshe da aka yi kafin ciwon ya fara, ya ce ai ba komai, suwic ɗin fitila kawai aka canja. Juyi biyu na mayar da shi baya, magana ta ƙare. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, kuma mutum fiye da goma ne a bayansa kullum.

Ga yadda ake yi daidai. Feda tana sama a sake, ba mai taɓa ta. Mai zare, juya shi ciki har tsinke ya dannu fitila ta mutu, amma ka bar 'yar tazara tsakanin bakin zaren da robar, kamar kaurin katin ATM ɗaya ko biyu. Littattafan gyaran Toyota da yawa suna ba da 0.5 zuwa 2.4 na milimita. Sannan ka riƙe jikinsa ka ɗaure noti, kada ya juya tare. Mai murɗawa na Toyota shi yake saita kansa: tura shi cikin gurbinsa har jikinsa ya taɓa robar, kana riƙe da feda sama da ɗaya hannun don kada ka tura ta, sai ka murɗa dama kwata guda. Murɗawar ce take ja da shi baya kaɗan ta bar tazarar. Kada ka taka feda lokacin da kake wannan.

Bayan ka mayar da soket da kan batir, gwaji uku. Mota a kashe, taka burki sau da yawa har feda ta yi tauri, sannan ka danna ta da yatsu a hankali. Dole ka ji ɗan wasa kafin ta fara turjiya, milimita 1 zuwa 6 a ƙa'idar Toyota. In babu wasa ko kaɗan, suwic ya shiga da yawa, sake shi. Na biyu, fitila ta kama tun feda tana farkon tafiyarta, wajen faɗin yatsa, kafin burki ya fara riƙe mota. Wannan ba ado ba ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita kusan 17 a kowace daƙiƙa, mai 100 a titin Zariya kusan 28. Fitilar da ta makara da rabin daƙiƙa ta cinye wa na bayanka tsawon bas biyu, kuma ka san yadda 'yan A daidaita sahu suke manne wa bamba a Ɗangi da Gyaɗi-Gyaɗi, da yadda ku ma kuke cin burki ba shiri in fasinja ya ɗaga hannu. Na uku, saki feda a hankali sau biyar, sannan ka sake ta da ƙarfi sau biyar, kowane karo fitila ta mutu. In ba ka da mai duba maka, matsa baya kusa da bango da daddare ka kalli jan haske a madubi. Sannan ka zaga unguwa minti goma, ka sauko ka kai bayan hannu kusa da ƙafafun gaba, kada ka taɓa. Ɗumi ba laifi, ƙauri da zafin da ke korar hannu laifi ne.

Masu Sharon da Siyana, ku naku ya ɗan bambanta. A Siyana da yawancin motoci masu otomatik, suwic ɗin nan ne yake ba giya izinin fita daga P, don haka in ya mutu giya takan ƙi motsi, mai maɓallin tayarwa kuma ta ƙi tashi, mutum ya yi ta zargin batir. Na'urar gwaji takan nuna lambar matsala P0504 ko P0571. A Sharon da sauran Volkswagen, in mai dizal ce, alamar hita mai kama da naɗaɗɗiyar waya takan riƙa ƙyaftawa a dashbod, a mai fetur kuma alamar da aka rubuta EPC ta kama, alhali duk suwic ɗin burki ne. Nasu suwic ɗin kuma ba ya son a yi ta cirewa ana mayarwa, kuma wani iri ana sa shi feda a sake, wani iri feda a danne, don haka a bi takardar da ta zo da shi. Duk soket mai launin rawaya da kuka gani a ƙarƙashin sitiyari na jakar iska ne, kada fitilar gwaji ta kusance shi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zan faɗa, domin na san motocin tasha. In ka jera wa bayan motarka fitilun ado masu kamawa da burki, duk nauyinsu ta cikin ɗan suwic ɗin nan yake bi, kuma an yi shi ne don ƙwai biyu ko uku. Shi ya sa wasu suke canja shi duk wata shida suna zagin 'yan kasuwa. A sa musu rile, suwic ya ba da umarni kawai, rile ya ɗauki kaya. Fis ɗin da aka naɗe da waya ko takardar sigari kuwa a cire shi yau, na ga wayarin bas guda ya ƙone ƙurmus a kan haka.

Daren yau, kafin ka samu zuwa kasuwa, cire kan batir na nagatif in ka yi fakin, da asuba ka mayar. Kada ka bi shawarar masu cewa a zare fis ko ƙwai a ci gaba da lodi. 'Yan KAROTA da jami'an kiyaye haɗura su ne ƙaramar matsalarka a nan, babbar ita ce tirelar da ke bayanka a gangaren Kwanar Ɗangora. Fitilar da ke ci kullum ma ba ta gaya wa na baya komai, don haka gobe kada ka ɗauki fasinja sai ka toshe ramin nan, ko da kilif ɗin marfin ƙofa ne. In ka ɗaga tabarma ka ga ɓarɓashin, ka turo mini hotonsa da na soket ɗin, zan gaya maka ko akwai sauran abin saye bayan robar.